Robar fitsari ba ita ce ƙarshen magani ba: labarina daga Argungu

Ni mutumin Argungu ne, ɗan masunci, jikan masunci. Na koyar a makarantun firamare har na ajiye aiki, yanzu ina noman shinkafa a fadama, kuma ni ne na'ibin liman a masallacin unguwarmu. Maganar da zan yi ba irin wadda dattijo ya saba yi a bainar jama'a ba ce, don magana ce ta fitsari da mafitsara. Abin da ya sa na daure na rubuta shi ne, tun da aka yi mini aiki na samu lafiya, sa'o'ina ke jan hannuna gefe bayan sallar isha'i, mutum ya sassauta murya ya ce, "Malam, wai wanga abu da yas same ka, ƙaƙa yaf fara?" Daga yadda ya yi tambayar nakan gane shi ma ya soma tashin dare. To ga amsar gaba ɗaya, ga wanda ya tambaya da wanda kunya ta hana.

Mu yaran bakin gulbi na shekarun 1970 a ruwa muka tashi. Da an tashi makarantar allo sai gulbi, wanka da kamun kifi da hannu da kokawar ruwa, kowa na kwaikwayon manyan da ke faɗawa Matan Fada da homa da gora ranar bikin kamun kifi. A cikinmu da wuya ka sami yaron da bai taɓa ganin jini a fitsarinsa ba. Fitsarin zai fito yadda ya saba, sai ɗigon ƙarshe ya zo ja, da ɗan zafi. Tsargiya ke nan, kuma babu wanda ya ɗauke ta ciwo. Wasu iyaye su ce zafin rana ne, wasu su ce alama ce yaro ya kusa zama namiji, har wanda bai fara ba yakan ji an bar shi a baya. In abin ya yi yawa a jiƙa maka sassaƙe ka sha. Bayan 'yan shekaru jinin ya ragu don kansa, a ce ka warke.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, rabin rayuwarsa a cikin ruwa ya yi ta. A farkon shekarun 1990, ba a daɗe da yanke jihar Kebbi daga Sakkwato ba, jini ya dawo masa a fitsari, amma wannan karon guda-guda. Ya rame, mara ta hana shi barci, daga baya ƙafafu suka kumbura. Muka kai shi Sakkwato. Likitan da ya duba shi ya kira ni waje ya tambaye ni ko Baba ya taɓa yin tsargiya. Na ce masa a garinmu ai sai dai a tambayi wanda bai yi ba. Ya ce sankara ce a mafitsara, ta riga ta toshe hanyoyin da ke sauko da fitsari daga ƙoda, abin da ya rage sai a rage masa zafi. Muka dawo da shi gida, bai ga wata damina ba.

Na daɗe ban haɗa tambayar likitan nan da rasuwar Baba ba. Sai da aka fara rabon maganin tsargiya a makarantu, aka tara mu malamai aka yi mana bita, sannan na fahimci abin da ya ci shi. Tsutsa ce ke kawo cutar. Mai ɗauke da ita in ya yi fitsari a ruwa, ƙwanta ya ƙyanƙyashe, ya shige jikin wani ƙaramin dodon koɗi da ke zama a ruwan da ba ya gudu sosai, ya hayayyafa a ciki, ya fito. Duk wanda ya tsoma jikinsa a ruwan, 'ya'yan tsutsar sai su huda fatarsa su shiga jini. Ba sai ka sha ruwan ba, shiga kaɗai ta isa. Su girma su tare a jijiyoyin da ke kewaye da mafitsara, su yi shekaru suna zuba ƙwai. Wani ƙwan ya keta bangon mafitsara ya fita da fitsari, shi ne jinin da muke gani. Wani ya maƙale a cikin naman, jiki ya yi ta yaƙi da shi har wurin ya zama tabo. Tabon nan shi ke ƙuntata hanyar ƙoda, shi ke taurara mafitsara, kuma a wasu mutane shi ke rikiɗa ya zama sankara bayan shekaru masu yawa. Najeriya na cikin ƙasashen da cutar ta fi yawa a duniya, mu kuma na bakin Gulbin Rima da Kwara, daga nan har Yawuri, muna tsakiyarta.

Maganin kuwa ƙwaya ce mai suna firazikwantel, sau ɗaya ake sha. Da hannuna na raba ta. Akwai sandar awo mai zane-zane, yaro ya tsaya jikinta, tsawonsa ya nuna ƙwaya nawa zai haɗiya. Sharaɗin kawai ya ci abinci tukuna, don a kan yunwa tana sa jiri da murɗar ciki. Ranar farko da na riƙe gwangwanin maganin nan na tuna Baba, na kasa magana. Ni ma na sha nawa a ranar. Sai dai maganin yana kashe tsutsa ne, ba ya hana wata shiga gobe, shi ya sa ake maimaita rabon. Kuma tun da aka ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa a Kebbi a 2015, noman rani ya bunƙasa, samari na tsaye cikin ruwa damina da rani. Shinkafa alheri ce, da ita nake ciyar da gidana. Amma ɗan ƙwadagon da ke dashe daga safe zuwa la'asar, da almajirin da ke wanki a bakin gulbi, ba sa cikin rajistar aji, kuma su ne suka fi kowa jiƙa ƙafa. A ganina rabon da ya tsaya a ƙofar makarantar boko rabin aiki ne.

Saboda abin da ya sami Baba, duk tsorona a kan jini yake. Na sa a raina muddin ban ga ja a fitsari ba, lafiyata ƙalau. Nawa ciwon kuwa da ya tashi zuwa, ta wata ƙofa ya shigo, ba ɗigon jini ko ɗaya.

Wajen 2018 na lura ina tashi fitsari da dare fiye da da. Na ɗauka shayin da nake sha bayan isha'i ne. Sai ƙarfin fitsarin ya ragu. In na tsuguna sai na jira kafin ya fara, in ya fara ya tsinke a tsakiya, sai na yi nishi. In na gama na yi tsarki na miƙe, sai in ji kamar da saura, kafin in kai ƙofar ɗaki ɗigo ya sauka a wando. Ga mai sallah wannan ɗigon ya fi ciwon kansa nauyi. Na koma ina ajiye wando na musamman don sallah. Nakan yi alwala, in tsaya a sahu, zuciyata ba ta wurin karatu, tana wurin ko wani abu ya fita. Ranar da liman ba ya gari aka ce in shige gaba, sai in ce maƙogwarona ba daɗi. Huɗubar Juma'a ta zame mini jarrabawa, na koma zama sahun baya kusa da ƙofa.

Daga ƙarshe na je wurin limaminmu, wanda ya girme ni kuma a gabansa na yi karatun fiƙihu. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, ina da tambaya a kan wani bawan Allah." Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce a mazhabarmu ta Malikiyya, wanda yoyon fitsari ya lazimce shi mafi yawan lokaci, yoyon ba ya karya masa alwala, sai dai an so ya sabunta in ba zai wahala ba, kuma an karhanta ya yi wa masu lafiya limanci. Ya ɗan yi shiru ya ƙara da cewa, "Shi wanga bawan Allah, ka ce mai hukunci ya sauƙaƙa mai, amma hukunci ba ya warkar da ciwo. Ya tafi asibiti." Na fita da sauƙi a zuciya ta fuskar sallah.

Tsakanin wannan rana da zuwana asibiti akwai kasuwa. Duk wanda ya san kasuwanninmu ya san motocin nan masu lasifika, masu maganin sanyi da basir da ƙarfin maza a gora ɗaya. Suna zayyana alamomin ciwonka tamkar sun kwana a ɗakinka, kuma ba sa cewa ka tuɓe. Na sha nasu, na sha na kemis. Duk wanda na yi wa bayani a kaikaice sai ya ce sanyi ne, ya ba ni ƙwayoyin kashe ƙwayar cuta. Zafin fitsari yakan lafa na ɗan lokaci, amma ƙarfinsa bai taɓa dawowa ba. Ina jin haushin masu lasifikar nan har yau, don na san dattawan da suka ƙarar da kuɗin da ya isa gwaji a kan gorunansu.

A hunturun ƙarshen 2022 muka tafi ɗaurin aure wani gari mai nisa. Mura na damuna, na sayi maganin mura na sha. A mota na matse fitsari saboda ina cikin surukai, ban so a tsaya domina. Da muka dawo gida da dare na tsuguna, ko ɗigo. Na sake, na sake. Mara ta kumbura ta yi tauri, zufa na karyo mini cikin sanyin nan, na kasa zama na kasa tsayuwa. Ban taɓa jin azaba irin ta daren nan ba. Uwargidana ta ce, "Malam, wannan ya wuce a jira safiya." Ta tashi babban ɗana, yaron da ko sunansa ba na kira saboda kunyar ɗan fari, shi ya ɗora ni a babur. Wurin da muka fara zuwa babu robar fitsari, aka ce mu nemo. Ya bi gari yana buga ƙofar masu kemis har ya samo. Da ma'aikacin jinya ya zura robar, abin da ya fita ya haura lita ɗaya. Barci ya ɗauke ni a kan gadon nan tun kafin a gama ɗaure jakar.

Daga baya likita ya gaya mini wasu magungunan mura na ɗauke da sinadarin da ke ƙara matse bakin mafitsara, kuma riƙe fitsari na dogon lokaci da sanyin hunturu da taurin bayan gida duk suna iya tsayar da fitsarin mutumin da hanyarsa ta riga ta ƙuntata. Na haɗa uku a rana ɗaya ban sani ba.

A nan ne labarin mutane da yawa ke tsayawa, kuma saboda wannan gaɓar na yi rubutun. An sa roba, azaba ta tafi, an sallame ka, an ce ka dawo wata mai zuwa a canza. Wata ya zo a canza, wani watan ya zo a canza. Akwai dattawa a ƙauyukanmu da suka yi shekaru da jakar fitsari ɗaure a cinya ƙarƙashin babbar riga, su da iyalansu sun ɗauka iyakar abin da asibiti ke iyawa ke nan. Alhali roba hanya kawai ta buɗe, abin da ya toshe hanyar yana nan yana ƙara girma. Ita kanta robar in ta daɗe tana jawo ƙwayoyin cuta, tana tara tsakuwa a mafitsara, tana toshewa da tsakar dare, wani lokaci ta ji wa hanyar rauni.

Na zauna da ita watanni. Na san warin da kake ji a jikinka ko da wasu ba su ji ba, na san yadda ake zaɓar wurin zama a taron suna. Lokacin ne kuma aka shiga ƙarancin takardun naira na farkon 2023, kana da kuɗi a banki amma na sayen roba da jaka ya gagara. Azumi ya kama a watan Maris, cikin zafin da ya wuce digiri 40, ga likita ya ce mai roba dole ya yawaita shan ruwa don kada ta toshe. Na koma wurin liman, ya ce Allah ya yi wa marar lafiya rangwame, in sha in rama. Na sha azumi a karon farko tun balagata, ina ɓuya a ɗaki kada jikoki su gani. Wata rana ina ƙorafin wari, uwargidana ta ce, "Malam, yanzu ka ɗanɗani kaɗan daga abin da ɗiyar ƙanwata ta sha." Yarinyar ta yi doguwar naƙuda a ƙauye, kan jariri ya danne mafitsara har ta huje, ta tashi da yoyon fitsari dare da rana, ba roba ba jaka, miji ya yi nesa da ita. A cibiyar masu yoyon fitsari ta Gesse da ke Birnin Kebbi aka ɗinke ta, ta bushe. Ni ana yi mini sannu ana kawo mini fura, ita kuwa ɗaki aka ware mata a bayan gida. Maganar ta zauna mini.

Wani tsohon ɗalibina da ya zama ma'aikacin lafiya shi ya ce mini, "Baba Malam, likitan mafitsara ya kamata ya gan ka, ba canjin roba kaɗai ba." Ya bayyana mini cewa manyan asibitocin Birnin Kebbi, wato na tarayya da na Sir Yahaya, nan ake fara tura irin matsalata daga ƙananan hukumomi, sannan Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato yana da cibiya sukutum ta mafitsara da ƙoda. Daga Argungu zuwa Sakkwato kusan kilomita 100 ne, kuma ina da ƙane a can da zan sauka wurinsa, sai na zaɓi can.

Likitan da ya gan ni bai kai babban ɗana shekaru ba, amma ya zaunar da ni ya zana mini abin a takarda. Ya ce ƙarƙashin mafitsarar kowane namiji akwai wani ƙullutu da ake kira furostet, girmansa kamar ƙwayar goro, nauyinsa wajen giram 20, kuma hanyar fitsari ta tsakiyarsa ta ratsa. Aikinsa samar da wani ɓangare na ruwan maniyyi. In namiji ya manyanta sai ya soma girma, kusan rabin mazan da suka haura 50 suna da wannan, a cikin 'yan 80 kuwa mafi yawansu. Ba sanyi ba ne, ba alhakin mata ba ne, ba sammu ba ne. In ya girma sai ya shaƙe hanyar. Mafitsara ta yi ta yunƙuri har bangonta ya yi kauri, daga baya ta gaji ta kasa juye komai. Sauran fitsarin da ke kwana a ciki shi ke kawo ƙwayoyin cuta da tsakuwa, in abin ya daɗe ya koma sama ya kumbura ƙoda. Akwai waɗanda ba su san suna da matsalar ba sai da aka ce musu sai wankin ƙoda.

Sannan ya ce zai duba ni da yatsa ta dubura. Na san mazan da suka tashi suka bar asibiti a kan wannan gwajin. Ni ma jikina ya yi sanyi. Ya sa safar hannu, ya ce in kwanta a gefe, kafin in gama istigfari ya gama. Ta nan ne kaɗai yatsa ke iya taɓa ƙullutun, ya ji ko sumul yake ko yana da tauri da gudaje irin na sankara. Wanda ya taɓa kwana da fitsari a tsaye ba zai kira wannan wahala ba.

Aka ɗebi jini don ganin lafiyar ƙoda, da wani gwajin da ake kira PSA. Shi wannan awo yakan hau in akwai sankarar furostet, wadda ita ce sankarar da ta fi kama maza a Najeriya, amma yakan hau kuma saboda kumburin tsufa kawai, ko ƙwayar cuta, ko ita kanta roba. Ana yawan ɗaukar 4 a matsayin iyaka, nawa ya ɗan haura. Kwanakin da na yi ina jiran a maimaita shi bayan an magance ƙwayar cutar da ke fitsarina, Baba kawai nake gani. Da aka sake ya sauko. Hoton ciki ya nuna ƙullutun ya ninka girmansa sau uku, ƙoda kuwa Allah ya tsare. Da na ba likita labarin gulbi da na mahaifina, bai wuce maganar ba. Ya sa aka karɓi fitsarina da tsakar rana, lokacin da ƙwan tsargiya ya fi fita, kuma ya ce ranar aiki zai leƙa mafitsarar da na'ura ya gani da idonsa.

An fara gwada ni da ƙwayoyi. Tamsulosin yana sassauta naman da ke bakin mafitsara, yana aiki cikin kwanaki, sai dai yakan sa jiri in ka miƙe da sauri. Finasterid shi ke rage girman ƙullutun, amma sai an yi kamar wata shida ana sha kafin a ga amfaninsa. Mutane da yawa waɗannan ƙwayoyin sun ishe su, ba sa kaiwa ga roba balle wuƙa, musamman wanda ya zo tun yana matakin tashin dare. Ni an cire mini roba don a gwada, fitsarin ya sake tsayawa a daren, aka mayar. Likita ya ce saura aiki.

Tambayar da kowa ke yi mini a ɓoye ita ce wadda ni ma na yi masa, kaina a sunkuye: shin aikin yana kashe mazakuta? Ya ce mafi yawan maza ƙarfinsu na nan yadda yake kafin aiki. Abin da ke canzawa ga mafi yawa shi ne maniyyi ya daina fitowa waje, ya koma cikin mafitsara ya fita da fitsari daga baya. Ba ya cutarwa, amma haihuwa takan yi wuya, don haka mai neman 'ya'ya ya faɗa tun kafin a shiga. Na ji daɗin da bai ɓoye mini ba. Abin da ya faɗa kuwa haka na same shi.

Kuɗi sai da na sayar da shinkafar rani da bijimi ɗaya, ga kuɗin mota ya ninka bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023. 'Ya'yana biyu suka ba da jini aka ajiye. Aikin da aka yi mini shi ake kira TURP, ba a tsaga ciki. An yi mini allura a kashin baya, daga cibiya zuwa ƙasa ya mutu, idona biyu ina jin maganarsu. Ta hanyar fitsari aka zura na'ura mai fitila, aka riƙa fere naman da ya toshe hanya kaɗan-kaɗan. Wanda nasa ya yi girma ƙwarai, shi akan tsaga mara a ciro. Likita ya ce ya ga tabon tsohuwar tsargiya a bangon mafitsarata, amma babu tsiro. Na tashi da roba mai baki uku, ruwa na shiga ta ɗaya yana wanke jini yana fita ta ɗaya, daga ja ya koma ruwan hoda, ya koma fari.

Ɗakin da aka kwantar da mu ya nuna mini cewa ciwon mafitsara ba na tsofaffi ba ne kaɗai. Gadon da ke kusa da ni wani saurayi ne ɗan kabu-kabu daga wajen Zamfara, mota ta buge shi ƙashin ƙugu ya karye, hanyar fitsari ta tsinke. Robarsa ta mara aka huda aka sa, ya daɗe da ita kafin a zo a ɗinke hanyar. Ya ce mini akwai masu irin toshewarsa da ba haɗari ne ya jawo musu ba, ciwon sanyin da aka sha wa rabin magani ne ya bar musu tabo. Akwai wani yaro ɗan firamare da aka ciro wa tsakuwa daga mafitsara, uwarsa na nuna ta a cikin kwalba. Wanda ya fi tsaya mini a rai wani ɗan sakandare ne da ɗan marainansa ya murɗe da dare. Kunya ta hana shi gaya wa kowa sai da kwana biyu suka wuce. Likitoci suka ce irin wannan in ba a kwance shi cikin kamar sa'a shida ba, jini ya yanke, sai dai a cire. An cire. Ubansa na zaune bakin gado yana cewa da ya sani ko da tsakar dare ne da ya kawo shi. Tun daga ranar nake gaya wa jikokina maza, ciwo mai tsanani a wurin nan ba a kwana da shi, a tashe ni ko ƙarfe nawa ne.

Da aka cire robar bayan 'yan kwanaki na shiga banɗaki da fargaba. Ƙarar da na ji rabona da ita tun ina saurayi. Na fito ina hawaye, nas ɗin ta ce, "Baba, lafiya?" Na ce lafiya lau, 'yata, alhamdu lillahi.

Warkewar ba a rana ɗaya ta zo ba. Makonnin farko akwai zafi, akwai fitsarin gaggawa da ba ya jira, kuma wajen mako na biyu jini ya ɗan dawo, abin da aka riga aka gaya mini zai faru in ɓawon ciwon ya faɗi. An hana ni hawa babur da ɗaukar kaya mai nauyi na kusan wata ɗaya da rabi, aka koya mini matse naman da ake riƙe fitsari da shi ina saki, sau da yawa a rana. Naman da aka fere an kai shi ɗakin gwaji, sakamako ya fito babu sankara. Duk da haka likita ya ce kada in ɗauka na rabu da asibiti, don aikin cikin ƙullutun yake cirewa, ɓawonsa na nan, kuma a ɓawon ne sankara ta fi tsirowa. Ina komawa gwajin PSA duk shekara, kuma saboda tabon tsargiya, an ce ko sau ɗaya na ga jini a fitsari, ko babu zafi, in taho a makon. Na rama azumina a hunturu. Na koma sahun gaba, in liman ya yi tafiya ina shigewa.

A bayan gidana akwai wani dattijo, tsohon masunci, abokin ƙanen Baba, Kawu nake ce masa. Ya fi shekara uku da roba, wani ma'aikacin lafiya ke zuwa gida yana canza masa. Da na ce masa akwai aikin da ake yi, ya ce shi ya tsufa da wuƙa, kuma an gaya masa wanda aka yi wa ba ya tashi. Na ce, "Kawu, ga ni gabanka." Sai da na yi ta zarya kafin ya yarda na tara 'ya'yansa. Mun kai shi an yi gwajin jini da hoto. Ƙodarsa ɗaya ta ɗan kumbura, akwai tsakuwa a mafitsara, amma likita ya ce zuciyarsa za ta ɗauki aiki, kuma za a cire tsakuwar a lokaci guda. An ba shi rana bayan girbin shinkafa. Biyu daga cikin 'ya'yan za su ba da jini, na ukun ya ɗauki kuɗin mota, ni kuma zan raka su don na san ƙofofin.